Tutar da Eilif Ya Farke

Ina shekara tara na fara jin sunansa. Ranar sha bakwai ga Mayu ce, ranar bikin ƙasarmu, 'yan ajinmu duk suna cikin jerin yara a titin Karl Johan, ni kuwa ina kwance a falon kakata Borghild da karyayyar ƙafa, muna kallo a talabijin. Da tutar makarantarmu ta iso gaban fadar sarki aka sunkuyar da ita, Kaka ta ajiye kofinta ta ce, "Dubi riƙo, kamar mai ɗauke da tsintsiya. Da Eilif ne ai ba haka ba."

Na ce, "Wane ne Eilif?"

"Ƙanena."

"Kina da ƙane?"

"Ina da shi. Ci fankenki."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ni ma ban sake tambaya ba. Shekara goma bayan haka ta rasu, a makon da na gama sakandare. A gidanmu ni ce mai rubuta sunaye a bayan hotuna, don haka ni aka miƙa wa akwatinta. A ciki na sami hotuna talatin da ɗaya na mutum guda, dogo, mai manyan kunnuwa, da farar safar hannu, yana riƙe da tuta. Babu ko ɗaya da fuskarsa ta kalli mai ɗauka. A duka idonsa na kan sandar.

Mahaifiyata ta ce yana nan da rai, a unguwar Gamlebyen, tasha huɗu a tiram, jirgin cikin gari, daga gidan Kaka. Bai zo jana'iza ba, fure ya aiko.

Na je gidansa. Da ya buɗe ƙofa ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Hancin Borghild ne wannan. Shigo da shi, sanyi na shiga."

Eilif Sandmo shi ne mai kula da ginin makarantarmu ta firamare tun kafin a haifi mahaifiyata, ya yi ritaya kafin in shiga. Shi ke kunna tukunyar ɗumama ajujuwa, ya gyara famfo, ya zuba yashi a farfajiya idan ƙanƙara ta daskare, ya sauko da ƙwallo daga rufi. Bai yi aure ba. Babbar tutar makarantar tana da sandar katako mai nauyin da yaro ba zai iya ba, don haka tun yana da shekara ashirin da bakwai shi ke ɗaukarta a jerin. A daren jajibiri yakan goge ta, da safe ya ɗaura ɗamarar fata mai ɗan kofin da gindin sandar ke zama a ciki, ya tsaya bayan 'yan badujala.

"Aikin ɗaya ne," in ji shi. "Idan kin zo daidai barandar da sarki da iyalinsa ke tsayawa ki sunkuyar da ita, ki ƙirga uku, ki ɗaga. Sauran duk tafiya ce kawai."

Muka fara fita tare kowace Lahadi. Hanyarsa ba ta canjawa. Mu fara daga ganuwar Akershus, ya taɓa tsohuwar babbar bindigar da ke kallon teku ya ce mata ina kwana, mu ratsa tsoffin layukan nan masu kusurwa, mu ɓulla ta babban coci, mu hau Karl Johan. Yana ɗauke da fulas na kofi da burodi mai cuku ruwan ƙasa a takarda. Ya san inda kwalta ke da rami, inda iska ke fitowa daga tsakanin gine-gine ta bugi tuta daga hagu, inda yara ke fara kukan fitsari. Amma da mun wuce gidan wasan kwaikwayo, inda titi ke fara hawa zuwa fada, sai ya zauna a benci na ƙarshe. Mu sha kofi, mu juya.

Lahadi ta shida na ce, "Kaka Eilif, ga fada can, ko minti biyar ba za mu yi ba."

"Tana nan tun kafin ki zo, ba za ta gudu ba."

"Ƙafa ce?"

"Ƙafata ta fi taki. Ke da kike tafiya kamar agwagwa."

Sai da hunturu ya shigo ya gaya mini. Ba a benci ba, a ɗakin girkinsa, da rana tsaka, yana feraye dankali.

Shekararsa ta talatin da ɗaya da tuta, an kwana ana ruwa. Ya hau tudun, ya zo gaban baranda, ya sunkuyar. Yana ƙirga biyu sai hannunsa na dama ya mutu, daga kafaɗa har yatsu, kamar ba nasa ba. Sandar ta sulluɓe. Ya tare ta da gwiwa, amma leɓen tutar ya riga ya kwanta a jiƙaƙƙiyar tsakuwa. Ya ɗaga, ya ci gaba da tafiya. Badujala ba ta tsaya ba, yara ba su daina ihu ba.

"Wa ya gani?" na tambaye shi.

"Ni."

Kowane ɗan ajin farko a ƙasar nan ya san tuta ba ta taɓa ƙasa. Shi ma shekara da shekaru yana faɗa wa yara haka. Da yamma ya je gidan yayarsa kamar yadda ya saba, an dafa tsiran nama, an fito da askirim. Ya gaya mata a ɗakin girki, murya ƙasa-ƙasa. Kaka ta kwashe da dariya har ta dafa tebur.

"Ta ce, 'Eilif, wawan Allah, sarki yana da tasa tutar a gida, ba zai kwana da yunwa don taka ba.' Ta shiga falo ta ba kowa labari. Mijinta ya ɗaga cokali ya sunkuyar mini da shi."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Ba su yi faɗa ba. Ta kira shi sau biyu ko uku, bai ɗauka ba, ita ma ta bari. Duk Kirsimeti sukan aika wa juna kati, suna kawai a ciki.

Ya goge hannunsa, ya jawo durowar da ke ƙarƙashin ta cokula. Tutar da ta lalace ba a jefa ta shara yadda take, sai an raba launukanta, ta daina zama tuta. Haka ya yi. Ya saya wa makaranta sabuwa, ya kawo tsohuwar gida, ya zauna da reza ya farke ɗinkin zare bayan zare. Ga su nan a ninke: jajaye huɗu, farare, shuɗi. A gefen ɗaya daga jajayen akwai tabo, bai kai tafin hannuna ba. Sai da ya nuna mini da yatsa na gan shi.

Shekarar da ta biyo ya ce kafaɗarsa ba ta da lafiya, aka ba wani malami. Tun daga nan duk ranar sha bakwai ga Mayu yakan hau jirgin ƙasa da sassafe ya shiga daji, sai gari ya yi shiru ya dawo. Ƙafarsa ba ta sake taka filin fada ba.

Ban yi dariya ba. Amma na sa wa raina sai na kai shi saman tudun nan. Na ɗauka idan ya tsaya a wurin ya ga tsakuwa ce kawai, masu yawon buɗe ido na ta takawa suna ɗaukar sojan gadi hoto, wani abu zai sake shi. Na gwada dabaru. Na ce ina son ganin canjin masu gadi. Na ce an shuka sabbin furanni a lambun baya. Ya ce, "Yarinya, na yi shekara arba'in ina jin ƙaryar yara. Taki ko ajin farko ba ta wuce ba."

A lokacin kaka na shekara ta biyu ya faɗi a banɗaki, ƙugu ya karye. Daga asibiti aka mai da shi gidan tsofaffi, aka ba shi keken guragu. Lahadin da likita ya yarda ya fita, na lulluɓe masa ƙafafu da bargo na tura shi. Ya gaida bindigarsa. Muka ratsa layukan, keken na karkarwa a kan duwatsun daɓe yana cewa zan zubar masa da sauran haƙoran. Da muka zo benci na ƙarshe ban tsaya ba. Na sunkuyar da kai na ci gaba da turawa.

Mun yi taku kamar ashirin a tudun. Sai ya sa hannu ya ja birki. Hannun daman ne. Keken ya tsaya cak, maƙallinsa ya buge ni a ciki.

Bai juyo ba. Ina ganin bayan kunnuwansa sun yi ja don sanyi.

"Tiril," ya ce. Bai cika kiran sunana ba. "Mai da ni."

Na mai da shi. Muka sha kofi a bencin. Ya yi magana kaɗan, na ji, na ce to. Daga nan ba mu sake fita ba, sanyi ya shigo da wuri.

Ya rasu a watan Fabrairu, ranar Talata, bayan abincin rana. Aka kira ni a wurin aiki. Na ce na gode, na gama jera kayan da ke hannuna a kanta, sannan na cire rigar aiki. A jana'iza mu bakwai ne, da wani tsoho mai sanƙo da ya ce Eilif ya taɓa ciro masa takalmi daga magudanar ruwa. An binne shi layi biyu daga Kaka. Mahaifiyata ta yi kuka. Ni na tsaya ina karanta sunayen da ke kan sauran duwatsun, ina lissafa shekarun kowa.

Na kwashe ɗakinsa a yini ɗaya. Safar hannun da ɗamarar suna cikin akwatin Kaka yanzu, tare da hotunan. Na rubuta sunansa a bayan duka talatin da ɗayan. Ƙyallayen kuwa suna cikin durowata, ƙarƙashin ta cokula, don ban san inda ake ajiye irinsu ba. Ina cin abinci, ina zuwa aiki. Ranar Lahadi nakan farka da wuri in rasa abin yi. Sau biyu na bi hanyar ni kaɗai, kuma duka biyun na tsinci kaina zaune a bencin.

Yanzu ga Mayu ta kama. Da yamma ina jin 'yan badujalar makaranta suna gwaji a farfajiya, suna kuskure a wuri ɗaya kullum.

Ga abin da ya faɗa a bencin ranar da ya ja birki. Ya ce sau talatin da ɗaya ya wuce ƙarƙashin barandar nan, ko sau ɗaya bai ɗaga kai ba, saboda mai tuta sandarsa yake kallo. Bai san ko sarki da iyalinsa suna murmushi ba, ko sun gaji, ko suna duban tutar ma.

"Ke ki hau," ya ce. "Ba yau ba, ranar sha bakwai. Ki tsaya hagu da gunkin mai dokin da ke filin fada, inda makarantarmu ke sunkuyarwa. Kar ki kalli ƙasa, ba abin da ke wurin. Ki kalli sama, ki ga ko suna dubawa, ki zo ki gaya mini. In ba ki same ni a ɗaki ba, kin san inda Borghild take. Ki ɗaga murya, ita ma ta ji."