Tsohon da Ba Ya Buɗe Ƙofa

A ofishin sabunta lasisin tuƙi na garinmu a Karolina ta Amurka, wani tsoho yana gabana. Wuyansa ya karkata hagu, hannunsa duk tabon ƙuna. Tsohon direban tseren mota ne, irin masu zagaya fili ta hagu, ba na tantama.

Ma'aikaciyar tana nuna masa allon gwajin ido. "Baba, karanta layin ƙasa. In ka kasa, ba lasisi."

"'Yata, shekara talatin ina gudu da mota kafaɗata na gogar katangar filin tsere. Wannan ne zai gagare ni?"

Ya ƙanƙance ido, ya karanta da ƙyar, amma daidai.

A waje, ko kallon ƙofar motarsa bai yi ba, don ya saba da motar tsere, wadda ba ta da ƙofa. Ya ɗaga ƙafa, ya shige ta taga.