Tafin Ƙafar Mai Ciyawa

Ƙanin mijina bai taɓa kayar da ni a gardama ba, balle ranar da ya dasa ciyawa a bahon wankina. Wai gwaji yake yi, kada a taɓa. Na ce, "Mutane na noma abin da za su ci, kai kana renon abincin akuya?" Yana cikin ɓaɓatu na juye bahon gaban akuyar maƙwabta, ta gama masa gwajin kafin ya rufe baki.

Aikinsa kula da filin golf ne, inda masu tumbi ke bin 'yar ƙwallo da sanda. Mai Ciyawa ake ce masa. Kullum da sassafe yakan tuɓe takalmi ya taka filin kakaf. Wata rana na bi shi neman abin tsokana, sai na ga ikon Allah. Idonsa a rufe yake tafiya.

Ya ce, "Matar yaya, nan ciyawar kiri-kiri ce. Da rani takan bushe kamar ta mutu, amma saiwarta ta ɗaure ƙasa tamau, ƙwallo ta faɗo ta yi ta gudu." Ya ɗan matsa ya tsaya cak. "Nan kuma mai faɗin ganye ta fara. Da damina ta sha ruwa ta zama katifa, ƙwallo ta faɗo ta lafe."

Na duƙa na duba. Daidai yatsunsa ganyen ya sauya. Da diddige yake sanin inda za a rage ban ruwa, da inda za a huda ƙasa a zuba yashi.

Sai ciwon suga ya kama shi. Likita ya ce ƙaya ɗaya na iya cinye ƙafar, takalmi dole. 'Yarsa ta sayo, ya sa, ya koma kamar wanda aka toshe wa kunne. Ya cika wa mai faɗin ganye ruwa, filin ya yi taɓo, shugaban wurin ya fara maganar sallamarsa.

Ba a jima ba filin ya sake yin tauri, maganar ta mutu. Amma wandunansa duk sun koɗe a gwiwa. 'Yar ta ja ni muka je. Ga shi can da takalminsa a ɗaure, ya yi taku kaɗan ya durƙusa, ya danna gwiwa da tafin hannu, ya yi shiru kamar mai jin bugun zuciya.

Na ce, "Tsoho ya koma rarrafe!"

'Yar ta fashe da kuka. "Baba, da girmanka, a gaban mutane? Ka bar aikin nan mu tafi gida."

Ya ɗago ya dube mu. "Tun ba a haife ki ba nake taka ciyawar nan, ba ta taɓa ƙorafi ba. Don yau na durƙusa mata, ku ne da jin kunya?"