Sandar da Wada Ya Bari a Bango

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 12 ga Yuni, 1984, cikin azumi, Allah Ya karɓi ran aminina Wada Labbo, kafintan Gangara. Ƙasa ta yi tauri har sai da diga muka haƙa kabarinka.

Wada, mun sha yi maka dariya. Tsaranka na ƙera ƙofa da gado, kai kana zaune kana fere 'yan sandunan maɗaci da ake mannawa cikin jitar kiɗa, don samarin Maraɗi. Haƙarƙari kake kiransu. Ka kankare, ka ƙwanƙwasa kusa da kunne, ka sake kankarewa. Na ce maka aikin banza, ka ce in haƙarƙari ya yi kauri jita ba ta magana, in ya yi siriri ta tsage. Kuɗin wannan aikin banzan ne ya sayo garin rogon da ka riƙa aiko wa gidana bara, ba ka taɓa faɗa wa kowa ba.

Ba ka shafa gam sai iska ta bushe. Don haka ka manna sanda ɗaya kan siririn katako, ka rataye a bango. In danshi ya shigo iska, sai ta lanƙwashe. Da muka gane, duk unguwa muka daina duban sama, muka koma duban bangonka. Ranar da ta lanƙwashe, ranar muke fita binne iri, kuma ruwa bai cika ba mu kunya ba.

Bara ta ɗan karkata, ta miƙe. Bana ko motsi. Da na zo dubiya ka kama hannuna ka ce, "Yari, kak ka binne irinka sai ta lanƙwashe. Ni za ni, amma ita tana nan."

Larai, matarka, ta kawo mini sandar ranar uku, na rataye ta a bangona. Irin gero na ƙarshe yana cikin tulu a ɗakina, yara sun san inda yake. Tsoro nake ji, Wada, ba na ɓoyewa.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya ba Larai da ɗiyanka haƙuri, Ya shayar da ƙasarmu.

Yau da safe matata Saude ta ajiye turmi a ƙofar ɗakin da tulun irin yake. Na duba bango. Sandar tana nan a miƙe.