Na Je Ɗambatta Neman Gaɓar Ruwan Inna

Ana sallame sallar asuba muka bar Rijiyar Zaki, ni da wani abokina da ya biyo ni don ya ji an ce akwai kifi. Dalilin tafiyar kuwa kakata ce, Inna, wadda ciwon ƙafa ya kwantar a gidanmu. Kullum zancenta ƙauyensu na bakin dam a ƙasar Ɗambatta, ga shi ta san ba za ta ƙara jure mota ba. Ni kuma sana'ata gina wurare a kwamfuta, irin waɗanda ake yawo a cikinsu kamar a wasan bidiyo, sai na ce bari in kawo mata ƙauyen har gado.

Da farko na zuba ruwa a kwamfutar, na ce wa manhaja ta watsa bishiyoyi, ita kuwa ta watsa su kamar mai ba kaji tsaba, har cikin ruwa. Inna ta kalla, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, amma wannan garin aljanu ne." Abin ya yi mini ciwo. Shi ne na ce gani ya kori ji.

Motar da muka shiga ta cika har ƙofa, kuɗinta kuma ya tashi, sai ka ce da mu za a sayi sabuwar taya. Amma da muka bar gari na manta da matsi. Gona na bin gona, kuma kowace bishiya da wurinta. Darbejiya tana jikin gidaje, ɗorawa da kuka suna tsakiyar gonaki ɗai-ɗai, gamba ta ja layin iyaka. Ga gawo shar da ganye a tsakiyar rani! Ɗaukar hoto nake ta taga har wata dattijuwa ta tambaya ko yau na fara ganin itace.

A Ɗambatta muka karya da ƙosai da kunun tsamiya, muka hau acaɓa zuwa dam. Jama'a, a nan na kusa yin ihu! Ni a kwamfuta layi ɗaya na ja, nan ruwa, nan tudu. Ashe gaɓar tafiya take yi. Ruwa yana ja da baya, manoma suna bin sa: kusa da shi laka, sai albasa sabuwar dasawa, sai tumatir, can sama masara ta yi kai. Manyan bishiyoyi kuwa sun tsaya cak a inda ruwan damina ke kaiwa. Wani ɗan'uwan Inna ya kai ni gonar marigayi kakana, ya nuna mini tsamiyar da Inna take kai masa fura a gindinta. Abokina dai bai ga komai ba sai soyayyen karfasa.

Da la'asar muka dawo, washegari na zauna aiki. Na shafa wa taswirar wurin baƙin launi a duk inda ruwa ke kaiwa, don kada manhaja ta dasa itace a wurin. Na raba gaɓar hawa-hawa, daga laka zuwa masara. Manyan itatuwa kuwa na hana manhajar taɓa su, da hannuna na dasa kowane. Tafiyar ta koya mini cewa bishiyar ƙasarmu ba ta fitowa da ka, wani ne ya bar ta a wurin.

Da na gama, na ɗora wa Inna kwamfutar a cinya. Ta duba, sannan ta ce, "Bi ta hagu, kada ka taka wa mutane albasa."

Na bi. Ita ke ba ni hanya, ni ina tuƙi, har tsamiyar ta bayyana. Na ce, "Inna, mu ƙarasa bakin ruwa?"

Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce, "A'a, ɗan nan. Tsaya a nan, in ɗan huta a inuwa."