Da Muryata Aka Ɓata Sunan Baffana

Edita, ina gaisuwa, ina kuma roƙon ɗan fili a wannan shafi in sauke abin da ya daɗe yana ci mini rai. A farkon shekarun dubu biyu ni ɗaliba ce a jami'a a Samaru, yarinya mai shiru-shiru, mai rubuta waƙoƙin da ba na nuna wa kowa. Nakan tsaya a bakin titi ina kallon hadari har motar da nake jira ta wuce ni. Bahaushiya ce ni, kuma Kirista tun haihuwa. Danginmu daga wani ƙauye suke a bayan Bomo, inda tun zamanin kakanni wasu suka bi coci, wasu suka bi masallaci, amma ba a taɓa raba akushi ba. Iyayena sun rasu ina ƙarama, sai ƙanin mahaifina ya ɗauke ni. Baffan nan nawa Musulmi ne, Alhaji ne, tela ne mai shago a Samaru. Baba nake ce masa, shi kuma Uwata yake ce mini, domin sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Ya yi wa yayansa alkawarin zai riƙe ni a kan addinin da ya bar ni, kuma ya cika. Ran Lahadi in barci ya danne ni, shi ne mai ƙwanƙwasa ƙofa yana tambaya ko yau an ba Kiristoci hutu ne.

Duk da haka na daɗe ina zuwa coci kamar mai ɗibar ruwa da kwando. Ina waƙa, ina durƙusawa, in koma gida wayam. A shekarata ta biyu a jami'a maraici ya taso mini sabo, kamar jiya aka yi rasuwar. Akwai wata dalbejiya a bayan gidanmu, can na riƙa zama da yamma da tsohon Littafi Mai Tsarki na mahaifina, ina karantawa ina kuka. Ban ga wahayi ba, ban ji wata murya ba. A hankali dai, kamar yadda ƙasa ke shan yayyafi, na gane Yesu ya san ni da sunana, kuma ban taɓa zama ni kaɗai ba. Salamar da na samu ta yi mini yawa, na ji ba zan iya riƙe ta ni ɗaya ba. Ina so in faɗa wa wasu, kuma da Hausa nake so in faɗa, harshen da na yi kukan da shi.

Wata 'yar ajinmu, 'yar kudu da iyayenta ke kasuwanci a Sabon Gari, ita ta kai ni cocinsu. Mutane ne masu fara'a, yawancinsu 'yan kasuwa da masu aikin hannu, kuma sun karɓe ni hannu biyu. Abu ɗaya ne suka kasa fahimta. Da sun ga mayafina, sun ji Hausata, sai su tambaye ni yaushe na tuba. In ce musu a cikin coci aka haife ni, su yi murmushi kamar na ɓoye wani abu. A wurinsu Bahaushe da Musulmi abu ɗaya ne. Dariya abin yake ba ni a lokacin. Faston cocin, wanda suke ce wa Dadi, yana neman tafinta, domin yana so wa'azinsa ya isa ga masu jin Hausa da ke aiki a kasuwa da masana'antun Chikaji. Na ɗauka Allah ne ya buɗe mini ƙofa. Wata rana a ofishinsa ya tambayi tarihina, na zuba masa duka, har da maraicin, da gidan Alhajin da nake ce wa Baba, da dalbejiyar. Ya saurara yana kaɗa kai, ya ce Ubangiji zai yi amfani da labarina.

Wanda bai taɓa yin tafinta a gaban taro ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba, don haka bari in bayyana. Mai wa'azi yakan jefo magana gajera da Turanci, ke kuma ki cafe ki mayar da Hausa kafin ya ja numfashi. Babu lokacin tunani. An koya mini in ya ɗaga murya in ɗaga, in ya sassauta in sassauta, in ya nuna sama in nuna. Gwanin tafinta shi ne wanda ya ajiye kansa a ƙasan dandamali ya hau da bakinsa kawai. Ni kuwa na gwanance, har ana yabona, kuma yabon yana yi mini daɗi.

Aka shirya taron farkawa a wani fili a Sabon Gari, da yamma, an kafa lasifika ta ko'ina, ana ɗauka a kaset. Lokacin zukata ba su gama hucewa daga rigingimun addini da aka yi a jihar nan ba. Rigar da na sa ranar Baba ne ya ɗinka mini, ya ce kada Uwarsa ta hau gaban jama'a da tsohon kaya. Ana tsakiyar wa'azi Fasto ya ce akwai wata yarinya a garin nan, ni ma na ce akwai wata yarinya a garin nan. Ya ce ubanta Alhaji ne, na faɗa. Ya ce ranar da ta karɓi Yesu uban ya kulle ta a ɗaki ya hana ta abinci, ya zane ta da wayar wuta, ya ƙona Littafinta a tsakar gida. Duk na faɗa, da Hausa mai kyau, muryata tana rawa, domin tausayin yarinyar ya kama ni har na yi ƙwalla. Da ya ce takan ɓuya a gindin wata bishiya a bayan gida ta yi addu'a, gabana ya faɗi, amma bakina ya riga ni, ya faɗa. Sai ya juyo ya kama hannuna ya ɗaga sama, ya ce ga ta nan a gabanku.

Filin ya ɗauki ihu. Mata suna kuka, ana buga ganga, mutane suna tururuwa zuwa gaba. Abin magana yana hannuna, a kunne, kusa da bakina. Kalma biyu sun isa: ƙarya ne. Ban faɗa ba. Na tsaya kamar an dasa ni, hawaye suna zuba, kowa ya ɗauka hawayen shaida ne. Na sha tambayar kaina me ya rufe mini baki. Kunya ce irin wadda aka rene mu da ita, ta kada yaro ya ƙaryata babba a gaban jama'a, da kuma tsoron ɓata abin da ake cewa aikin Allah ne. Wannan shirun nawa ne, ba na ɗora wa kowa shi. Amma ƙaryar ba tawa ba ce, kuma har yau in na tuna yadda mutumin nan ya zauna ya ƙera ta daga abin da na ba shi amana, ya kuma zaɓi ya zuba ta ta bakina, fushin sabo yake dawo mini.

Washegari na same shi a ofis. Ban taɓa ɗaga wa babba murya ba sai ranar. Ko gezau bai yi ba. Ya ce in zauna, Sista, in sha ruwa. Ya ce labarin gaskiya ne, domin akwai 'yan mata da yawa da hakan ta faru da su, shi fuska kawai ya ba labarin. Ya ce duk gidan da ba a bin Almasihu kurkuku ne ko da ban ga sarƙa ba. Sannan ya tambaye ni ko ina so in mayar da rayukan da suka fito gaba jiya saboda wani tela. Saboda wani tela! Mutumin da ya ciyar da ni, ya tufatar da ni, ya tsare mini addinin da ba nasa ba. Na roƙi a ba ni dama ran Lahadi in gyara maganar, ya ƙi. Ran Lahadin na miƙe lokacin sanarwa na fara magana daga inda nake, ya yi wa mawaƙa alama da hannu, ganga da jita suka binne ni. Wata dattijuwa ta ja ni waje tana lallashina, wai kada in yi jayayya da bawan Allah.

Kafin mako ya zagayo kaset ɗin ya shiga kasuwa. Samaru kuwa ba ta da girman da za a ɓoye mutum. Ba a ambaci sunan Baba ba, amma wa bai san tela Alhaji mai riƙon 'yar wansa Kirista ba? Shekara da shekaru shi ke ɗinka rigunan mawaƙa da kayan zumuntar mata na coci-coci da dama, domin ya iya, kuma ba ya saɓa alkawari. Sai matan suka fara zuwa suna karɓe yadinsu, wasu ma an riga an yanka. Wata ta tofar da yawu a ƙofar shagon. A wancan ɓangaren kuma, abokan zamansa na majalisa suna ce masa ai ga sakayyar riƙon da ya yi, da ma sun faɗa masa. Ya zama abin zargi a nan, abin dariya a can.

Na bi matan nan gida-gida ina faɗa musu gaskiyar magana. Waɗanda suka san mu tun asali sun yarda, wasu har sun je sun ba shi haƙuri. Amma da yawa sai su riƙe hannuna, su dube ni da tausayi, su ce sun gane, tilasta mini aka yi in janye, kada in ji tsoro, suna yi mini addu'a. Wata ma ta ce in kwaso kayana in dawo gidanta kafin Baba ya kashe ni. Nan na ga mugun ƙullin da aka yi mini: duk musun da na yi sai ya zama ƙarin hujja. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan na yi ta tafiya a cikinsa ban ga bango ba.

Baba bai tambaye ni komai ba, wannan ya fi duka ciwo. Da na kasa jurewa na same shi a shago da rana, babu kowa, yana warware wani ɗinki. Na durƙusa na faɗa masa yadda aka yi tun daga farko. Ya saurara har na gama, hannunsa bai daina aiki ba. Ya ce wani ya kawo masa kaset ɗin, ya ji sau ɗaya. Sannan ya ce, “Uwata, na san ba ke kika ƙirƙira ba. Turancin mutumin ban ji ko kalma ɗaya ba, bai dame ni ba. Amma Hausar, da muryarki na ji ta.” Ya ce ya yafe, in tashi kada zanena ya yi datti. Na tashi, amma na san akwai abin da ya karye wanda yafiya ba ta ɗora shi nan take. Kafin ƙarshen shekarar ya bar shagon, ya mayar da kekensa zauren gida, yana ɗinka wa 'yan unguwa. Bai taɓa cewa saboda ni ne ba. Bai kuma sake karɓar ɗinkin coci ba, ko daga waɗanda suka ba shi haƙuri.

Na bar wancan cocin, amma ban bar Almasihu ba, domin ba a can na same shi ba, kuma ba shi ya yi mini ƙarya ba. Na koma ƙaramar ikilisiyarmu ta Hausa, kuma har yanzu ina gaya wa mutane abin da Almasihu ya yi mini, sai dai da bakina, a zaune, fuska da fuska, yadda mai ji zai iya tsayar da ni ya yi tambaya. Labarina na gaskiya ba shi da bulala, ba shi da wuta, ba ya sa fili ihu. Marainiya ce ta sami salama a gidan Musulmin da ya riƙe amana. In wannan bai isa shaida ba a wurin wani, to ba ɗaukakar Allah yake nema ba, taro yake nema.

Ina kira ga 'yan'uwana matasa masu zafin bishara, musamman masu yin tafinta. Kada ku miƙa tarihinku ga mutum don kawai yana tsaye a kan mumbari. Ku tambayi abin da za a faɗa kafin ku ara wa wani bakinku. In kuma kun ji ana yi wa wani ƙazafi da sunan Allah, ku yi magana a take, ko da muryarku tana rawa, ko da taron zai watse, domin magana zarar bunu ce, kuma gyaran gobe ba ya kamo ɓarnar yau. Ku kuma masu sauraron shaida kuna kuka, ku tuna mugun da ake ba ku labarinsa mutum ne mai suna da maƙwabta, kuma ba a ba shi abin magana ba. An umarce ni in yafe wa wancan faston, kullum ina roƙon ikon yin haka. Amma ba zan yi muku ƙarya in ce na huce ba. Ƙarya ɗaya da aka yi da bakina ta ishe ni har in mutu.