Bappa Hammadikko da Kogin Yadi

Duk wanda ya san Bappa Hammadikko, telan nan na Jimeta, ya san ba ya gwada mutum shiru. Yana awon kafaɗarka yana rera waƙa, in ka motsa kafin baiti ya ƙare a sake daga farko. Wan mahaifina ne. Dariyarsa muke yi har yau.

Bayan samun 'yancin kai ya shirya wasan kwaikwayo mai waƙoƙi goma sha biyu, labarin wani mai fito da kwale-kwale. Shi ne mai fiton. Kogin kuwa shuɗin yadi ne, ni da abokina Sale muke kaɗa shi. Shekara takwas muna yi, ana zuwa kallo har daga Namtari.

Da aka yi Jihar Arewa maso Gabas, sai ga masu ɗaukar sinima daga Maiduguri, wai za su mai da wasan fim. Shugabansu ya ce a bar yadi, a je bakin Binuwai.

Bappa ya ce, "Binuwai ya taɓa zuwa gwaji?"

"Malam, kogi ne fa."

"To, bai san inda zai yi shiru ba."

Aka je dai. Sai aka ce wasan ya yi tsawo, waƙa huɗu kawai za a ɗauka. Bappa ya miƙa wa mutumin almakashinsa, ya baza yatsu a kan tebur.

"Fara da waɗannan, sun fi sauƙi."

Ranar ɗauka asiri ya tonu: Bappa bai taɓa shiga kwale-kwale ba. Yana sa ƙafa ya tsuguna, ya rungume katako yana salati. Sau uku ana gwadawa. Ƙarshe aka kawo Buba, mai fito na gaske, wanda ko tari ba ya yi da daɗi. Shi ya riƙa motsa baki, aka ɗora muryar Bappa a kansa.

Da aka haska fim ɗin, gari ya ɗauka Buba ne mawaƙin. Mutane suka daina zuwa wasanmu, tunda sun ga ruwa na gaske. Wata rana wani ya zo ɗinki, ya ji Bappa yana rerawa, ya ce, "Malam, ka kusa iya waƙar Buba."

Bappa ya ɗinka masa wandonsa. Wandon dai ya fito ƙafa ɗaya ta fi ɗaya.

Bai sake tara mu ba. Na roƙe shi ya gaya wa mutane gaskiya, ya ce, "Ɗana, wanda ya ji da ido, me za ka faɗa wa kunnensa?"

Da ciwo ya kwantar da shi, Buba ya zo, ya durƙusa yana hawaye, ya ce shekaru yana karɓar yabon da ba nasa ba. Bappa ya dube shi, ya ce:

"Na yafe. Amma a baiti na uku ka riga ni buɗe baki."

Bayan kwana biyu ya cika. Buba ne ya ɗauki gaban makara, bai yarda an karɓe shi ba har maƙabarta.

Allah Ya jiƙanka, Bappa, Ya sanyaya makwancinka, Ya kai ka inda ba a ba wani ladan wani.