Gwajin Murya a Inugu

A unguwarmu ta Hausawa a Fatakwal babu wanda bai san muryata ba, har da waɗanda ta ishe su. Akwatin rediyo ɗaya ne a layinmu, na Babana, wanda mahauci ne a kwata. Kullum bayan la'asar dattawa sukan taru a ƙofar gidanmu a kunna labarai da Turanci, ni kuma in fassara musu. Liman yakan tsokane ni, wai labarin da Bature ya gama a numfashi biyu, ni sai shayi ya huce ban kai ƙarshensa ba. Gishiri kam ina ƙarawa, amma ƙarya ban taɓa yi musu ba, kuma Baba yana alfahari da hakan.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki, labaran suka daina daɗin fassarawa. Aka fara tashin hankali a Arewa, mutanen Gabas suna ta dawowa gida da ɗan abin da suka tsira da shi, wasu ma ba su dawo ba. Masu sayen nama da muka saba raha da su suka koma su karɓa su juya ba magana. Baba ya sa Inna ta ɗaure kaya, ya kama mana wuri a motar wasu 'yan goro da za ta tashi Arewa nan da kwana goma.

Ana cikin haka wasiƙa ta zo mini daga Inugu. Mai wasiƙar ɗan aminin Baba ne, ya girme ni nesa, Yaya nake ce masa. Shi ke karanta labarai da Hausa na kwata ɗin awa a wani gidan rediyo a can, kuma tun ina yaro nake kwaikwayon yadda yake jan gaisuwa. Ya ce ana neman murya ta biyu, in zo maza a gwada ni.

Inna ta ce wace irin rediyo ana ɗaure kaya. Baba ya ajiye wuƙar da yake gogewa ya dube ni.

"Ka je," ya ce. "Can ne bakin gwamnati yake. Ka buɗe ido ka ga yadda gari yake. In zama ne ka gaya mana, in tafiya ce ka gaya mana. Maganarka nake jira."

Ni dai aikin ne kawai a raina. Na goge farar rigata, na hau motar fatu mai zuwa Anacha. Direban Inyamuri ne, ya shekara ashirin a Jos, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan unguwarmu. A kowane shingen sojoji sai ya ce in cire hula in yi shiru, shi ya yi magana. Da muka wuce na uku ya dube ni ya ce, "Ɗan'uwa, kowa gidansu yake nufa, kai ina za ka?" Na ce masa rediyo zan shiga. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce Allah ya ba da sa'a.

A Anacha na sauka gidan surukin Yaya, babban dillalin shanu a zangon garin. Na tarar ana loda kaya a mota, har da turmi da gadon ƙarfe, matar Yaya da 'ya'yanta huɗu suna tsaye a gefe. Na tambaya, aka ce gida za ta je haihuwa. Na yi mata fatan sauka lafiya, na koma kan tuwona. Kowace tsohuwa a layinmu ta san haihuwar fari ake zuwa yi gida, kuma ba a tafiya da turmi. Ni mai fassara wa dattawa labarin duniya, wannan ya wuce ni.

Washegari na isa Inugu. Yaya ya tarbe ni a ƙofar gidan rediyon, ya rungume ni, ya tambayi Baba da Inna ɗaya bayan ɗaya. Ya shigar da ni wani ɗan ɗaki mai sanyi, ba taga, sai makirfo a kan tebur da wani mutum a bayan gilashi yana juya faifai. Ya miƙo mini takarda da Turanci.

"Gwaji ne kawai, ƙanena. Ka mayar da ita Hausa. Manya za su saurara su ji muryarka."

Takardar cewa take 'yan Arewa mazauna Gabas su kwantar da hankalinsu, su zauna a gidajensu, an ɗauki matakin tsare su. Na karanta sau ɗaya. Yaya ya girgiza kai.

"Wannan ai karatun takarda ne. Haka kake yi wa su Baba a ƙofar gida? Wa ke kawo saƙo ba gaisuwa? Ka gaishe su kamar suna gabanka."

Ya taɓa ni inda nake da rauni. Na gyara zama, na yi sallama, na gaida limaminmu na Fatakwal, na gaida sarkin fawa da mahautan kwata, na gaida 'yan goro da masu ɗinki, na gaida mahaifina. Na faɗi abin da ke takardar da bakin da suka saba ji. Da na ga Yaya yana gyaɗa kai, daɗi ya kwashe ni, na ƙara abin da ba a rubuta ba. Na ce, "Ni ɗanku ne, kun san ni, ga ni a Inugu na gani da idona. Ku kwance kaya." A raina ina burge manya ne.

Yaya ya dafa kafaɗata ya ce kamar an haife ni a ɗakin. Ya ce in jira a masauki a unguwar Ogui, zai aiko a kira ni.

Kwana uku ba a aiko ba. A cikinsu ne na buɗe idon da Baba ya ce in buɗe. Rumfunan mutanenmu a kasuwar Ogbete rabi a rufe, sauran suna karyar da wake da albasa don su tashi. Na yanke shawara gobe in koma in ce wa Baba tafiya ce. Ina tsaye a rumfar wani tela da yamma, rediyonsa a kunne, sai na ji an yi sallama da wata murya da na sani. Ba zan ɓoye ba, farin ciki ne ya fara zuwa mini. Sai da na ji kaina ina gaida mahautan kwata sannan na tuna abin da na ce musu.

Da gudu na isa gidan rediyon. Mai gadi ya ce Yaya ya ɗauki hutu, tun shekaranjiya ya bar gari. Nan take na gane komai. An ba Yaya takarda ya karanta, ya san abin da ke tafe, bai so muryarsa ta ɗauki alhakin ba, sai ya nemo tawa. Ya san waɗanda ke zama a ƙofar gidanmu bayan la'asar, don shi ma ya sha zama a wurin. Ya fitar da iyalinsa har da turmi, sannan ya sa ni na ce wa nawa su zauna.

Na nemi motar Fatakwal, babu direban da ya yarda ya ɗauki mai kama da ni. Sau uku aka maimaita saƙon a kwana biyu. Daga nan gari ya rikice, aka tattara mu a tashar jirgin ƙasa, aka tura mu Arewa a taragon kaya.

Sai bayan mako biyar na ga Inna, a wani fili kusa da tashar Kano inda ake sauke waɗanda suka dawo. Tana zaune a kan buhu da ƙannena biyu, ba kaya, ba Baba. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce motar 'yan goro ta tashi a ranarta, ta isa lafiya. Gida biyar ne suka fasa shiga, namu na farko. Ranar da abin ya iso unguwarmu Baba yana kwata tun safe, kuma ba wanda ya sake ganinsa.

Na tambaye ta ko ya ji saƙon, alhali na san amsar.

"Ya ji. Ya sa aka fito da akwatin tsakiyar layi, aka ƙure murya. Da ka gaishe shi har amsawa ya yi."

Yaya ya samu aiki a wani gidan rediyo a Arewa tun kafin a gama yaƙin basasa, ya yi suna, mutane suna son yadda yake jan gaisuwa. Sau ɗaya muka haɗu, a wurin wata jana'iza. Ya miƙo hannu ya ce lokacin ne ya zo da haka, kowa ta kansa yake yi. Na bar hannun a inda yake. Ban yafe masa ba, kuma ba na jin zan yafe. Ni kuwa wuƙa na ɗauka na shiga kwata, a can na tsufa, kuma ko sanarwar ɗaurin aure aka ce in yi a masallaci sai in ce a ba wani.

Shekaru da yawa bayan haka, Inna tana jinyar da ba ta tashi ba, na roƙe ta ta faɗa mini abin da Baba ya ce a ranar, don na san akwai abin da ta rage. Sai ta faɗa mini.

"Liman ya ce a dai bi motar, rediyo bakin gwamnati ne. Babanka ya ce wannan ba gwamnati ba ce, ɗana ne, bai taɓa yi mini ƙarya ba. Da hannunsa ya kwance igiyar kayan."